Pudin ɗin Kirsimeti: in saya ko in turara da kaina?

Maman Hanif: Salamu alaikum. Maƙwabciyata a nan Bradford ta Ingila, dattijuwar Baturiya da ke riƙe mini yara in na tafi aiki, ta gayyace mu cin abinci ranar 25 ga Disamba. Garin kara na ce ni zan kawo pudin, wani irin kek na zabibi da ake turarawa. Ashe na kanti yawanci da giyar burandi a ciki, wasu kuma har da kitsen sa da ban san yankan wa ba ne. Saura kwana 9, ba ni da madambaci. In nemi marar giya in saya, ko in yi?

Hajiya Babba: Ki soya mata alkaki mana, 'yata.

Anti Ladi: Kin makara ai. Tun Lahadin ƙarshe kafin Adbent, wato makonnin shirin Kirsimeti, wajen ƙarshen Nuwamba, ake kwaɓa shi, kowa a gidan ya juya sau ɗaya, a ajiye ya tsumu. Amma marar giya ba ya jure ajiya, yanzu ma daidai ne. Zabibi ki jiƙa da ruwan lemo, ki sa kitsen da aka yi da man tsirrai, samfurin Atora.

Ummi M.: Kada ki soma! Bara na yi. Aka ce awa 8 a kan wuta, kamar alale a kwano. Na ɗora bayan azahar, barci ya ɗauke ni, ruwan ya ƙafe ƙaf. Ƙarar na'urar hayaƙi ce ta tashe ni. Kwanon roba ya narke ya manne da gindin tukunya, silin ya yi baƙi ƙirin. Da za mu tashi, mai gidan hayar ya zabtare fam 300 daga kuɗin ajiyar da muka bayar da za mu shiga, wai fenti. Fenti!

Sadik: Fam 3 na sayi marar giya.

Maman Hanif: Ni fam 12 na gani fa.

Sadik: Kin shiga kantin masu kuɗi ne, Hajiya.

Ɗan Fagge: Ni dai a ganina a bar musu abinsu.

Ummi M.: Malam, kai da ke Kano, ka taɓa ganin pudin ɗin ido da ido?

Ɗan Fagge: Na gani a YouTube, har wuta suke cinna masa.

Anti Ladi: Burandin da aka kwara a kai ne ke ci. Maman Hanif, ki gaya wa maƙwabciyarki tun yanzu a bar wannan. Ummi, laifin barcinki ne, ana ƙara tafasasshen ruwa ne a kai a kai.

Sadik: Ku tauna a hankali, wasu na ɓoye kwabo a ciki, wai sa'a. Haƙori ya karye, sai ka ga sa'ar likita ce.

Ummi M.: Anti, aikin dare na dawo ranar. Kuma silin ɗin da ma ruma ta cinye shi, sau 4 ina yi wa mai gidan magana.

Baban Zara: Ruma! Namu cewa ya yi mu riƙa buɗe taga. A Disamba! Ummi, kin kai ƙara wajen masu riƙe kuɗin ajiyar?

Maman Hanif: To, tukunyar tuwo za ta yi in na kifa faranti a ƙasa?

Ummi M.: Ban ɗauki hoto ranar da muka shiga ba, Baban Zara. Har yanzu za su saurare ni?