Tsohon babur da bai taɓa yin lamba ba, ya kuka yi kuka samo mishi takardu?

Ɗan Birni: Salamu alaikum jama'a. Babanmu Allah ya jiƙanshi ya bar mini Kasea ɗinshi, ya fi shekara 10 a hannunshi amma bai taɓa yi mishi lamba ba, daga gida sai masallaci sai gona, shi ke nan tafiyarshi. Yanzu na samu aikin kai kaya tsakanin Damagaram da Mirya, kullum ina kan titi gabana na faɗuwa in na hango kaki. Na tone akwatin tsoho kaf, faktir ɗin saye kawai na gani duk ta yi ja, ba takardar duwan (kwastan) ba kartagiris (takardar rajistar babur). Wanda ya taɓa bin wannan hanya don Allah ya gaya mini inda ake farowa.

Mai gyara na Zango: Allah ya jiƙan baba. Ƙanena kafin ka taka ofishin kowa je ka duba lambar shasi, tana nan a wuyan babur inda kan ke juyawa, ta injin kuma tana jikin injin can ƙasa. Ka wanke wurin da esans da tsohon burushi, in tsatsa ta ci ka ɗora farar takarda ka goga fensir a hankali za ta fito. Amma kar ka sa samfefa mai kaushi, kar kuma ka yarda wani ya ce zai buga maka ita sabuwa da guduma, ranar da aka ga alamar an taɓa lambar to babur ya zama abin tuhuma ko da kuwa na gado ne. Ka ƙirga, haruffa da lambobi 17 ne, na Sin suna farawa da L. Sai ka gwada da abin da ke kan faktir ɗin ɗaya bayan ɗaya.

Na Magarya: Wannan magana ta mai gyara ni ta faru da ni. Nawa Jincheng ne, daga Kano aka shigo da shi lokacin naira na da sauƙi, mutum uku ya ratsa kafin ya zo hannuna kuma duk cikinmu ba wanda ya biya duwan. Da na tashi yin takardu sai aka ce ba a fara maganar kartagiris sai da shedar an biya duwan, to nan na gane ita ce uwar takardun. Na kai babur ɗin da kanshi aka duba, aka yanka mini abin da zan biya, na biya aka ba ni kitans. Na ɗauka na gama ashe wanda ya cika takardar ya rubuta harafin O a wurin sifili, alhali kuwa lambar shasi ba ta ɗaukar O ko I ko Q sam, wannan ɗan abu shi ya sa na yi zuwa uku Damagaram daga Magarya, kuɗin mota daban na abinci daban, ga ranakun kasuwa da na rasa. Ka karanta kowace takarda a gaban wanda ya ba ka ita kafin ka fita, ko da layi na jiranka.

Ɗan Birni: Na duba yanzu da tocila, lambar ta fito tsaf kuma ta yi daidai da faktir, alhamdu lillahi. Sai dai sunan baba ne a kai ba nawa ba yaya.

Hajiya mai ɗinki: Ɗana irin naka ne ya same ni da babur ɗin maigidana da ya rasu. Sunan mamaci ba ya hana, amma sai ka nuna yadda abin ya zo hannunka. Ni takardar rasuwa na kai, da takardar gado, sannan 'yan'uwanshi suka sa hannu cewa an bar wa yarona. Ina roƙonka ka zaunar da 'yan'uwanka tun yanzu, mata da maza, ku yi ta a rubuce, don yau kowa na cewa ɗauka kawai ai naka ne, gobe in babur ya fara kawo kuɗi zance na iya canjawa. Kuma haƙƙin marayu ne in akwai ƙanana a gidan.

Ɗan kabu-kabu: Ni shekara biyu na yi ina aiki ba lamba, ina bin lunguna ina kauce wa manyan randabawul, wallahi wahalar ta fi kuɗin takardun. Ranar da aka kama babur ɗin aka kai furiyar, inda ake tsare abin hawan da aka kama, na ɗauko fasinja daga kasuwar Dole ne da buhun gero, a gaban mutane aka sauke mu, matar ta tsaya riƙe da buhunta cikin rana tana kallona, har yau ban manta ba. Kwana tara babur na can ni ina gida ba ko dala, kuma ƙarshenta sai da na yi takardun da nake gudu, ga tara a kai. Abin da ya cece ni shi ne wanda ya sayar mini yana raye kuma mutumin kirki ne, ya zo da katinshi na ɗan ƙasa muka rubuta takardar sayarwa aka buga mata hatimi.

Mai gyara na Zango: To kun ji. Duk mai sayen na hannu ya yi wannan takarda a ranar ciniki da shedu biyu, kar ya bari sai mai shi ya tafi Agadas ko Libiya.

Na Magarya: Wani abu kuma, masu tsayawa bakin ƙofa suna cewa kawo mu yi maka da sauri. Akwai na gari cikinsu ban musa ba, amma wani maƙwabcina ya ba ɗaya jaka 40 da asalin faktir ɗinshi, wata huɗu ana gobe jibi, daga baya waya ma ta daina shiga. Kuɗin ba su dame shi kamar faktir ɗin ba. Ka yi fotokopi na komi, asalin ya zauna a aljihunka, duk abin da ka biya a ba ka kitans mai hatimi. Bayan duwan sai ofishin sufuri wajen kartagiris, in ta fito a buga maka lamba, sannan asirans (inshora) da binyet (harajin abin hawa na shekara).

Ɗan Birni: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Hajiya na yi magana da inna da yayyena mata, Juma'a bayan masallaci za mu zauna gidan kawu a rubuta. Yaya na Magarya, ranar da ka je duwan tura babur ɗin ka yi ko hawa ka yi? Ina tsoron a tare ni a hanya tun ban kai ba.

Na Magarya: A bayan wata mota mai ɗaukar kaya na ɗora shi, na ɗaure da igiya na zauna kusa da shi har ƙofar ofishin. Ka tafi da sassafe, ka riƙe katinka na ɗan ƙasa da takardar gadon.