Kanada daga Yaƙin Duniya na Ɗaya zuwa cin gashin kai: ta ina za a fara?

Hauwa: Assalamu alaikum, malamai. Mai son koyar da yadda Kanada ta zame daga hannun Birtaniya, ta ina zai fara? Kowa Vimy yake ambata, tudun nan na Faransa da sojojin Kanada suka ƙwace daga hannun Jamusawa.

Malam Sani: Wa alaikumus salam, Malama. Fara da 4 ga Agusta 1914. Ranar da Birtaniya ta shelanta yaƙi da Jamus, Kanada ta tsinci kanta a ciki ba tare da an tambaye ta ba, don harkokin wajenta a hannun Landan suke. Ki jera wannan da 1939, lokacin da sai da majalisarta ta zauna kafin ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu ranar 10 ga Satumba, mako guda bayan Birtaniya.

Bala: Vimy ɗin ma kar a yar da ita, a dai koyar da ita daidai. Daga 9 zuwa 12 ga Afrilu 1917 aka gwabza, karon farko da rundunonin Kanada huɗu suka kai hari tare. Abin da ya sa suka ci tudun shiri ne: an yi ta gwaji a filin da aka zana kamar fagen, an raba taswira har ga ƙananan sojoji, igwa kuma tana ruwan wuta a gabansu tana matsawa yadi 100 duk minti uku. Sun rasa mutum 3,598. Kuskuren da ake yawan yi shi ne cewa ɗan Kanada ya jagorance su. Julian Byng ne, Baturen Ingila. Arthur Currie, ɗan Kanada, sai a watan Yuni ya karɓa.

Hajiya Rabi: Bala, ka bar rabin zancen. A gida yaƙin raba kan ƙasar ya yi. Da masu shiga soja suka ragu, Firaminista Borden ya kawo dokar ɗaukar soja ta tilas a 1917, masu jin Faransanci na lardin Kwibek suka ƙi, ɗan jarida Henri Bourassa na gaba-gaba. A tarzomar birnin Kwibek ta 1918 sojoji sun harbe mutum huɗu. Wanda ya ce Vimy ta haɗa kan kowa bai yi wa waɗannan adalci ba.

Malam Sani: Gaskiyarki, Hajiya. Kuma ikon a takarda aka karɓe shi, kaɗan-kaɗan. Borden ya kafa hujja da mamata sama da 60,000 daga ƙasar da ba ta cika mutum miliyan 8 ba, ya samu Kanada ta sa hannu a yarjejeniyar Versailles a 1919, ta kuma samu kujerarta a ƙungiyar ƙasashen da aka kafa. A rikicin Chanak na 1922 Birtaniya ta nemi sojoji don tunkarar Turkiyya, Firaminista Mackenzie King ya ce sai majalisa ta yanke. A 1923 minista Ernest Lapointe shi kaɗai ya sa hannu kan yarjejeniyar kamun kifi da Amurka, ba jakadan Birtaniya a gefensa.

Hauwa: To sanarwar Balfour fa? Ba ta Falasɗinu ba ce?

Hajiya Rabi: Biyu ne, ƙanwata, ki raba su tun a allo. Ta Falasɗinu 1917 ce. Ta 1926 ita ta ce Birtaniya da ƙasashe irin su Kanada matsayinsu ɗaya, dokar Westminster ta 11 ga Disamba 1931 ta tabbatar. Ko a nan ba a gama ba: gyaran tsarin mulkin Kanada ya ci gaba da bi ta majalisar Landan har 1982.

Bala: Ki kuma lura da Newfoundland, lardin Kanada a yau, amma a lokacin ƙasa ce daban a ƙarƙashin Birtaniya. Sojojinta da aka karkashe a Beaumont-Hamel ta Faransa ranar 1 ga Yuli 1916 ba sa cikin rundunar Kanada, don sai 1949 ta shiga ƙasar.