Maigida ya kafa kwarmin wanka na roba a lambu, wahalarsa ta dawo kaina

Maman Hanifa:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, don abin ya kai ni maƙura, kuma ba na so in buɗe baki cikin fushi in faɗi abin da zan zo ina cizon yatsa.

Sati uku ke nan da Abban Hanifa ya shigo da wani ƙaton kwali, fuskarsa cike da fara'a, ya ce ya samo wa yara maganin zafi. Kwarmin wanka ne na roba, irin mai zobe a baki wanda ake hura wa iska, ruwa na shiga yana miƙewa da kansa. Ni na zaci ɗan ƙarami ne da za a zuba wa bokiti biyar, in an gama a ɗaga a juye. Ashe faɗinsa mita 3 ne, tsayinsa santimita 76, kuma a jikin kwalin an rubuta yana cin ruwa wajen lita 3,800. Duro 19 fa ke nan. Lambun bayan gidanmu duka-duka faɗinsa mita 4 ne, tsawonsa 6. Abin da ya rage mana rabin mita ta nan, rabin mita ta can. Igiyar shanyata ta bi ta samansa, yanzu sai na manna bayana da katanga nake wucewa a karkace da bahon wanki a hannu, kuma sau biyu rigar makarantar Hanifa tana faɗawa ciki.

Ranar da aka cika shi, tiyo ya fi awa biyar a kunne. Ba zan ɓoye ba, yara sun yi murna, ni ma na tsaya a bakin ƙofa ina dariya ina ɗaukar su hoto. Kwana biyu aka yi ana wannan daɗi. A rana ta huɗu na sa ƙafa ciki don in tsamo wata 'yar tsana, na ji ƙasan yana santsi kamar an shafa sabulu, saura kaɗan in kife. Kafin sati ya zagayo ruwan ya koma kore, ga ganye, ga matattun ƙwari, ga wani ƙarni in rana ta take. Akwai ɗan injin tace ruwa da ya zo tare da shi, amma babu soket a waje, sai ya jawo doguwar waya ta tagar kicin. Tagar ba ta rufuwa tun ranar, wayar kuma tana kwance a ƙasa daidai inda yara suke fitowa jiƙe-jiƙe. Ga shi filin yana da 'yar gangara wadda ba mu taɓa lura da ita ba sai yanzu: ta ɓangaren katangar maƙwabta ruwan ya kusa baki, robar ta yi tumbi ta bultso, ta ɗaya ɓangaren kuma akwai sauran kusan tafin hannu guda.

Duk wannan zan iya haɗiyewa. Abin da ya hana ni barci shi ne ranar Talata. Na shiga ɗaki ɗauko wayata da take ƙara, minti ɗaya ban yi ba. Ina fitowa na tarar da Sadik, shekararsa biyu, ya ɗora cikinsa a kan zoben yana miƙa hannu zai kamo ƙwallo. Zoben nan laushi gare shi, ya lotsa a ƙarƙashinsa, ruwa na kwararowa ta gefen cikinsa, ƙafafunsa sun bar ƙasa. Ban san lokacin da na fizgo shi ta wuyan riga ba. Shi yana dariya, ni kuwa gwiwoyina suka kasa ɗaukata, na zauna a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa ina rawar jiki.

Da dare na faɗa wa Abbansu. Ya ce Allah ya tsare gaba, a riƙa rufe ƙofar baya. Na ce a kwashe abin, ya ce ni dai ba na son abin da zai faranta wa yara rai, kuma ranar Asabar zai gyara ruwan. Asabar biyu sun wuce. Shi da safe yake fita sai dare, ni ce a gida da kwarmin, ni ce mai tsame ganye, ni ce mai gadi. Ba a tambaye ni kafin a saya ba, ko awon filin ba a yi ba.

Ya zan yi? In zubar da ruwan da kaina yana wurin aiki, ko in jira? Kuma wai akwai yadda za a yi abin nan ya zauna lafiya a ɗan fili irin namu?

Ummu Yasir:

Wa alaikumus salam. 'Yar uwa, jikina ya yi sanyi da na karanta maganar Sadik. Rufe ƙofa ba dabara ba ce, don Hanifa za ta buɗe ta manta, ko ke ki fita shanya hannunki cike da kaya. Yaro ƙarami in ya kife a ruwa ba ya ihu, ba ya fantsama, shiru kawai za ki ji, kuma ruwan da bai kai tsawon ɗan yatsa ba ya isa ya yi ɓarna, balle wanda ya kai masa ƙirji. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sha faɗa cewa yara 'yan ƙasa da shekara biyar suna cikin waɗanda nutsewa ta fi kashewa. Kada ki dogara da murfin tamfol ɗin da ake sayarwa tare da shi, na tare ƙura ne, in yaro ya hau kai naɗe shi zai yi. Wayar wutar nan kuma ki zare ta yau ɗin nan. Ni a ganina ruwan nan kada ya ƙara kwana.

Abu Khalil:

Hajiya, ni namiji ne kuma na taɓa yin irin wannan kuskuren, don haka bari in faɗi abin da na sani. Maigidanki bai yi da mugun nufi ba. Ya ga hoton kwali ne, ya hango 'ya'yansa suna dariya, bai hango aikin ba. Masu wannan girman ba kayan wasa ba ne, kula suke so kullum kamar babban wurin ninkaya.

Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, wato kusan tan huɗu ke zaune a lambunku. In ƙasa ba ta baje daidai ba, nauyin yana taruwa ne ta ɓangaren da ya fi ƙasa, shi ne tumbin da kika gani. Ran da robar ta gaji, ko babban yaro ya jingina a wajen, gaba ɗaya zai kwanto a kan katangar maƙwabta. Ba a gyara wannan da ruwa a ciki, dole a zubar a baje ƙasar.

Koren da kika gani gansakuka ce, rana da ɗumi ke haifar da ita in babu sinadarin kilorin. Kilorin ɗin ma ba a zuba shi da ka, akwai 'yan takardun gwaji da ake tsomawa, ana so ya tsaya tsakanin miligiram 1 zuwa 3 a kowace lita, awon pH kuma, wato ma'aunin tsamin ruwa, tsakanin 7.2 da 7.8. Ɗan injin da ke zuwa da irin wannan sai ya yi wajen awa uku kafin ya zagaya ruwan sau ɗaya, matatar cikinsa kuma ana wanke ta a kai a kai, a canza ta kamar duk sati biyu. In an bar ruwan haka kuwa, sauro daga ƙwai zuwa mai fiffike sati ɗaya ne zuwa kwana goma a lokacin zafi. Ki leƙa da safe, in kin ga wasu ƙananan tsutsotsi suna wutsil-wutsil a saman ruwan, to su ne.

Amma ina roƙonki kada ki zubar a bayan idonsa. Zai dawo ya ga an rushe abin da ya yi don 'ya'yansa, maganar ta tashi daga kan kwarmi ta koma kan raini.

Ummu Yasir:

Malam Abu Khalil, na ji bayaninka kuma akwai ilimi a ciki, amma ban yarda da ƙarshen ba. An ba shi Asabar biyu. Ɓacin ransa ana iya lallashinsa gobe.

Hajiya Babba:

'Yata, duka biyun nan da suka ba ki shawara suna da gaskiya, kuma ba sai kin zaɓi ɗaya ba. Ba sai Asabar ba, ba kuma a bayan idonsa ba. Yau in ya dawo ya huta, ki kama hannunsa ki kai shi bakin abin. Kada ki ce masa ya yi wauta, kada ki kawo zancen shanya ko taga, waɗannan za su sa ya ɗauka ƙorafi ne irin na kullum. Ki ce ya danna zoben nan da hannu ɗaya ya ga yadda yake lotsawa, sannan ki nuna masa inda cikin Sadik yake. Abin da kika gani da ido shi da kunne ya ji, shi ya sa bai girgiza ba. Maganar rashin shawara kuwa tana nan, kina da haƙƙi a kai, amma ki ajiye ta sai ruwan ya tafi, ranku ya kwanta.

Maman Hanifa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, yadda kika ce haka na yi. Na zare wayar tun da yamma, na kulle ƙofar baya na sa makullin a aljihuna. Da ya dawo na kai shi da fitilar waya. Ya danna zoben da tafin hannu, ruwa ya kwararo masa a kan takalmi. Ya daɗe a tsaye bai ce komai ba. Sai ya haska cikin ruwan, ga tsutsotsin da Abu Khalil ya faɗa kuwa, birjik.

A daren muka fara zubarwa. Ya cika tiyo da ruwa, ya tsoma baki ɗaya a ciki, ya ja ɗayan zuwa magudanar da ke gaban gida don kada ya bi gindin katanga, ya yi ta zuba har gari ya waye. Ragowar da bokiti muka kwashe, shi yana ɗiba ni ina kaiwa. Da muka ɗaga robar, ciyawar da ke ƙasa ta mutu, ta bar wata babbar da'ira mai launin ruwan ƙasa, mai wari, furannina biyu na gefen katanga ma sun ruɓe.

Hanifa ta yi kuka sosai da safe, ta ce ni ce na sa aka kwashe, kuma Abbanta bai ce mata ba haka ba ne. Wannan ya yi mini ciwo, har yanzu ban yi masa maganar ba. Ya dai ce zai nemo ƙarami mai faɗin kamar mita ɗaya, wanda ruwansa bai kai duro guda ba, a cika in za a yi wasa, a juye a kife shi da zarar an fito. Na ce to, amma sai ranar da yake gida, kuma shi zai zauna a bakinsa. Babban yana nan shanye a kan igiyata yana bushewa, ya cinye ta daga wannan kai zuwa wancan. Wanda ya san yadda ake farfaɗo da ciyawar da ta mutu haka, ko sai an sake shuka sabuwa, don Allah ya taimaka mini da bayani.