Tsarabar Madina: ku amsa da baiti

Ɗan Rigasa:
Salamu alaikum. Jiya na dawo daga Umra, ga tsarabarku.

Ran Asabar na yi sammako Kuba,
Masallacin farko, babu tababa,
Raka'a biyu ladan Umra, ku duba,
Daga nan sai Uhudu, na hau tudu.

Hajiyar Kawo:
Ka hau tudun maharba don hoto,
Mun gan ka Facebook har da rawani.
Shahidai saba'in suna nan kwance,
Ka gai da Hamza kuwa, ya kai ƙani?

Ɗan Rigasa:
Yaya, na tsaya bakin shingen,
Hawaye har ya jiƙa rawani.
Na tuna Mus'abu ɗan gatan Makka,
Mayafinsa bai isa ya zama likkafani.
A rufe kai, ƙafa ta fito fili,
Sai da ciyawa aka suturta gwani.
Ke fa da kin yini gonar dabino,
Kina tayin ajwa kamar ɗan gwanjo?

Baban Tudun Wada:
Allahu Akbar! Rigasa ta yi magana. Baitin Mus'abu ya sa tsigar jikina ta tashi. Mutanen Kawo sai ku koma tasha ku yi lodi.

Hajiyar Kawo:
Baba, ai ka nuna ɓangarenka tun ba a je ko'ina ba.

Ajwa bakwai da safe sunna ce,
Wanda ya raina ta bai da sani.
Ni na yi Badar, tafiya mai nisa,
Kilomita 150 cikin rani.
Sunayen shahidai sha huɗu na karanta,
Kai kana otal kana shan sanyi.

Malamin Unguwar Sanusi:
A gafarce ni. Ɗan Rigasa, ɗangonka na likkafani gaɓa 14 ne, 'yan uwansa ba su kai haka ba, yana jan ƙafa. Kuma "gwanjo" ya karya amsa-amon "ni". Hajiya, ke ma "sanyi" bai zauna ba.

Ɗan Rigasa:
Malam, yaushe aka fara auna kari da ƙidaya? Nauyin gaɓa ake bi, doguwa da gajera. Rera shi ka ji.

Malamin Unguwar Sanusi:
Na rera sau uku, numfashina ya tsinke a "zama". Cire shi: "Mayafinsa bai kai likkafani."

Baban Tudun Wada:
Kowa ya iya gyara, Malam. Ina naka baitin?

Malamin Unguwar Sanusi:
Mai gyaran mota ba dole ya yi tsere ba.

Autan Kabala:
Ku yi haƙuri, kwana biyu ba ni da data.

Kun bar Wadil Jinni a baya,
Direba ya kashe mota tana gudu,
Na zuba ruwa a kwalta da hannuna,
Wallahi na ga ya bi hanyar tudu.

Hajiyar Kawo:
Auta, gangara ce ido ke ruɗuwa,
Duwatsun gefe ke sa ka ga hawa.
Babu lada can, sai kallon ikon Allah,
Masallacin Kiblataini fa, ka je ko ka tsallake?

Malamin Unguwar Sanusi:
Hajiya, "tsallake" da "hawa" kuma?

Ɗan Rigasa:
Malam, na karɓi gyaran likkafani don darajar Mus'abu, Allah Ya ƙara masa yarda. Amma "gwanjo" yana nan daram sai Yaya ta aiko mini da ajwata Rigasa.