Janareta 2.5 ya kasa ɗaukar firiza biyu da samo

Mai Ƙanƙara: Salamu alaikum jama'a. Wallahi raina a ɓace yake. Na sayi janareta 2.5kVA, mai shagon har da rantsuwa wai zai ɗauki firiza biyu da samo, wato injin jan ruwa daga rijiyar burtsatse. Ina kunna samo sai ya yi gurnani ya mutu. Jiya ƙanƙarata duk ta narke, zoɓo ya yi tsami. Jabu aka sayar min.

Mai Gyaran Inji: Hajiya, a yi haƙuri, lodi ne ya fi ƙarfinsa. 2.5kVA bai wuce wat 2,000 ba. Samo mai ƙarfin doki ɗaya kusan wat 750 ne, amma lokacin tashi yana jan ninki uku. Firiza ma haka take idan kwamfuresa zai tashi. Ki fara kunna samo shi kaɗai, ko ki nemi 5kVA.

Ɗan Sabon Gari: Ni kalmar jabu ce ta tsaya min. Kowa ya tashi sai ya ce 'yan kasuwa macuta ne. Kin duba kwali?

Maman Biyu: Kwali ai takarda ce, Alhaji. Jabu ba ya zuwa da kwali ne?

Ɗan Sabon Gari: Akwai jabu, akwai mai sauƙin kuɗi. Ba ɗaya ba ne.

Baban Yara: Ɗaya ne! Koyil ɗin gwangwani maimakon jan ƙarfe, me sunansa?

Maman Biyu: Janaretana ƙarami ƙirar Tiger shekara nawa yana aiki, ko tari bai taɓa yi ba.

Baban Yara: Ƙwan fitila da fanka kike kunnawa, wa ya tambaye ki?

Maman Biyu: Malam, ka iya bakinka. Ba sa'arka ba ce ni.

Mai Sola: Tun da aka cire tallafin mai a 2023 wa ke maganar inji? Ku zo a haɗa muku sola.

Ɗan Sabon Gari: Kai kuma talla ta kawo ka. Batiran da kuke sayarwa fa, su ba jabu?

Mai Ƙanƙara: Don Allah ni wane zan saya?

Shugaban Zaure: An rufe maganar nan. Abin da muka fahimta, kayan ba jabu ba ne, kuma bai kamata a riƙa ɓata sunan 'yan kasuwa ba, da yawanmu nan da shago muke ci. Hajiya ta je ta ba mai shagon haƙuri su daidaita. Mai sola kuma, kada a sake talla a nan.