Wanda aka taɓa ce wa nasa yana da zaizayar ƙashi, dan Allah ya faɗa mana inda ya bi

'Yar Ringim:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah wanda abin ya taɓa shafa ya taimaka min da abin da ya gani da idonsa. Innarmu ce, shekararta wajen 67, wata uku da suka wuce ta zame a bakin rijiya, kuma wallahi ba wata faɗuwa ba ce ta a zo a gani, zaman dirshan kawai ta yi ta dafa ƙasa da hannu, sai wuyan hannun ya karye. Aka kai ta gun mai ɗori ya ɗaure, hannu ya haɗe alhamdulillah amma a ɗan karkace. To bayan nan sai ciwon baya ya taso ta gaba, ko ruku'u ba ta iyawa, muka kai ta babban asibiti aka yi hoto, likita ya ce ƙashin bayanta guda biyu sun lotse, wai ostiyoforosis, ƙashin ya zama kamar azarar da gara ta ci, a waje lafiya lau ciki kuwa duk ramuka. Ya rubuta kalsiyam da maganin ciwo ya ce mu nemi ƙwararren likita, shi ke nan fa aka kira na bayanmu. Wane likita, a wane asibiti, da wace takarda, ba mu sani ba. Baffanninmu sun ce tsufa ne a bar ta ta huta, ni kuma hankalina ya ƙi kwanciya, don hijabin da na ɗinka mata da ƙaramar sallar bara yanzu jan ƙasa yake yi, kuma da tsayinmu ɗaya da ita amma yanzu ina ganin tsakiyar kanta.

Ɗan Gwarzo:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Inna lafiya. 'Yar uwa kar ki yarda da maganar a bar ta, mu abin da ya ci mu kenan. Tamu tsohuwar ma da wuyan hannu ta fara, aka ɗora aka manta, bayan shekara biyu ta fito banɗaki da daddare ƙafarta ta harɗe da bakin tabarma, sai ƙugu. Muka sake komawa ɗori, kwana arba'in tana kwance a gefe ɗaya har bayanta ya fara gyambo, ƙafar kuma ta gajarce tana kallon waje. Sai da wani yayanmu ya zo daga Zariya ya yi mana faɗa sannan muka ɗauke ta zuwa asibitin ƙashi na Dala, nan wajen Ƙofar Ruwa. Aka yi aiki aka sa ƙarfe, masu gashin ƙashi suka dinga tayar da ita tana takawa da ƙarfen nan mai ƙafa huɗu, yanzu da sanda take zuwa har gidan maƙota.

Abin da zan gaya miki, ki koma gun likitan da ya fara ganinta ya rubuta miki takardar turawa, ki haɗa duk hotunan da aka yi da katin asibiti da kwalayen maganin da take sha a leda ɗaya, ku yi sammako. Kuma in kun shiga ki buɗe baki ki yi tambayar nan: likita me za a ba ta don kar wani ƙashin ya sake karyewa? Gyaran karaya daban, maganin cutar da ke kawo karayar daban. Ni sai a zuwanmu na uku na yi tambayar, a ranar aka rubuta gwajin jini, daga baya aka ɗora ta a kan magani.

Anti mai ɗinki, Kazaure:
Ni da kaina nake fama da shi, shekarata 58. An cire min mahaifa da ƙwayayen duka biyu ina da 41, ba wanda ya gaya min cewa in al'ada ta ɗauke da wuri haka ƙashi yana saurin zaizayewa, sai da haƙarƙarina ya tsage a kan tari kawai na lokacin hunturu. Ɗana da ke aiki a Abuja shi ya kai ni aka yi min hoton auna ƙarfin ƙashi, DEXA suke ce masa, kwanciya kawai za ki yi da kayanki na'ura ta wuce ta saman ƙugu da baya, ba zafi ba allura. Sakamakon lamba ce, likitar ta zana min a takarda: daga -1 zuwa sama lafiya, tsakanin -1 da -2.5 ƙashi ya fara rauni, daga -2.5 zuwa ƙasa cutar ta tabbata. Nawa -2.9 ya nuna. Amma 'yata kar ki tayar da hankalinki a kan hoton nan in ba hali, ba kowane asibiti ke da na'urar ba, kuma ita likitar ce ta ce min tsohuwar da ƙashin bayanta ko ƙugunta ya karye a kan 'yar ƙaramar faɗuwa, wannan kaɗai ya isa a fara mata magani.

Alendronate nake sha, 70mg, ƙwaya ɗaya a sati. Na zaɓi Juma'a don kar in manta. Sharaɗinsa ne mai tsauri: da safe kafin ki sa komai a baki, da ruwa zalla kofi cike, ban da shayi ban da koko, sannan ki zauna a miƙe ko ki tsaya minti 30 ba kwanciya ba cin abinci. Ni sai na idar da asuba nake sha, saboda sunkuyon ruku'u da sujada, in zauna a kujera ina lazimi har gari ya waye. Rannan sanyi ya ja ni na koma gado bayan na sha, wallahi ƙirjina kamar an zuba barkono, kwana biyu ina jin haɗiyar tuwo da ƙyar, tun daga nan ban kuma ba. Da azumi kuwa sai in riga kowa tashi in sha, in zauna ina jiran yara su ɗumama abinci, lokacin sahur ya yi minti 30 ɗin ta cika. Kalsiyam ɗin kuma ba a haɗa su lokaci ɗaya, sai da rana ko da dare bayan abinci. Kafin in fara sai da ta tura ni gun likitan haƙori aka cire min wani turmi da ya ruɓe, ta ce gara a gama da shi tukuna. Ta kuma ce in na cika shekara biyar a kai za a sake dubawa a ga ko a ci gaba ko a huta.

Ma'aikaciyar lafiya, Sumaila:
Sannunku. Ni ba likita ba ce, a ƙaramin asibitin ƙauye nake aiki, amma ina ganin irin su Inna kusan kullum kuma abin yana ci min rai. Anti ta yi bayani mai kyau, sai dai ina roƙo kar wani ya karanta ya tafi kemis ya sayo alendronate ya ba tsohuwarsa. Sai an duba ƙoda, don in ƙoda ta yi rauni sosai ba a bayarwa, sai an duba kalsiyam na jini, in bitamin D ya yi ƙasa a fara gyara shi, mai matsalar haɗiya ko gyambon ciki mai tsanani ko wadda ba ta iya zama a miƙe ita ma ba nata ba ne. Na biyu, ba duk ƙashin baya da ya lotse ba ne zaizaya. A nan yankinmu tarin fuka yana kama ƙashin baya, akwai kuma kansar ɓargo da ke kama manya, to in akwai rama, zazzaɓin dare, gumi, ko ƙafafu suna mutuwa ko fitsari yana zuba ba a sani ba, wannan ba na jiran ranar kasuwa ba ne, a tafi a ranar.

Maganar wane likita: likitan ƙashi na Dala ko na asibitin Malam Aminu Kano zai duba karayar. Su kuma likitocin da ke ganin masu ciwon suga da maƙoƙo, su ne masana abin da ke sa ƙashi ya zaizaye ta ciki, akwai su a asibitin Malam. Ku 'yan Jigawa kuna da Rasheed Shekoni a Dutse da asibitin tarayya na Birnin Kudu, za ku iya farawa ta nan in ya fi muku sauƙi. In Inna tana cikin tsarin taimakekeniyar lafiya na jiha, JICHMA, ki tafi da katin ki tambaya me ya ƙunsa.

Tambaya ɗaya 'yar uwa, Inna tana shan haɗin kemis na ciwon gwiwa ko sanyin ƙashi?

'Yar Ringim:
Innalillahi. Tana sha, ya kai shekara huɗu. Wani mai kemis ne a kasuwarmu yake ƙulla mata a farar leda, kala huɗu, akwai wata 'yar mitsitsiyar fara a ciki, in ta sha sai ta ce jikinta ya saki. Har murna muke ta yi kumatu.

Ma'aikaciyar lafiya, Sumaila:
Abin da na ji tsoro kenan. Sau da yawa 'yar ƙaramar nan dexamethasone ce ko prednisolone, irin wadda 'yan mata ke sha don ƙiba. Tana kwantar da ciwo nan take amma in aka daɗe ana sha tana cinye ƙashi, ta tayar da suga da hawan jini, kumatun nan ma alamarta ce. Amma ki ji ni da kyau, KAR ki ƙwace mata yau ɗaya. Wanda ya shekara yana sha in ya bari kwatsam jiki na iya rikicewa har ya kai ga suma, likita ne zai dinga rage mata a hankali. Ki je gun mai kemis ɗin cikin lalama ki ce ya nuna miki kwalin kowace ƙwaya, ki ɗauki hoto da waya, ki tafi da ƙulli ɗaya asibiti.

Malam na Gumel:
Ni namiji ne kuma ina da shi, don haka masu cewa ciwon mata ne su daina. Asma ce ta sa na shekara da shekaru a kan prednisolone, ina da 61 na sunkuya zan ɗaga buhun taki na ji ƙas a bayana. Ƙwayar sati-sati ba ta karɓe ni ba saboda olsa, sai aka koma min na ƙarin ruwa, zoledronic acid, sau ɗaya a shekara, bai kai awa ba an gama. Na farkon ya sa ni zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi kwana biyu kamar maleriya, dama an gaya min, na sha farasitamol da ruwa da yawa ya wuce, na biyun ban ji komai ba. Kuɗinsa dai sai da na sayar da tunkiya, amma da na lissafa kuɗin motar zuwa Kano duk wata sai na ga ya fi min. Akwai wata allura ta wata shida-shida, denosumab, likitan ya ce min ita in ka fara ba a tsallakewa, in ka bari haka kawai ƙashin baya na iya kakkaryewa, na ce masa mai jiran kaka kafin ya ga kuɗi ba zai ɗauki wannan alkawari ba, ya ce gaskiya ne.

Sallah kuma a zaune nake yi a kujera tun lokacin, na sha wahala a zuciyata kafin in saba, sai limaminmu ya tuna min hadisin Imrana ɗan Husaini, ka yi sallah a tsaye, in ba ka iya ba a zaune. Ki gaya wa Inna haka, don na san irinsu, za ta dinga cije baki tana sujada tana ɓoye muku.

Maman 'yan biyu, Ɗambatta:
Ni dai a ganina da abinci za a fara. Kakarmu ta haura 90 ba ta taɓa karyewa ba, kullum fura da nono da miyar kuka. A ba ta kindirmo, zogale, riɗi, da ƙananan kifin nan busassu a daka su har ƙayar a zuba a miya. Kuma a dinga fito da ita tsakar gida tana shan hantsi, tsofaffinmu sai su wuni a ƙuryar ɗaki, mu ma masu kulle haka.

Anti mai ɗinki, Kazaure:
Maman 'yan biyu duk abin da kika lissafa ina ci kuma likita ma ta ce in ci, hantsin ma ina sha kullum. Amma ni fa a gidan Fulani na tashi, nono ba baƙona ba ne, kuma haƙarƙarin ya tsage. Wadda ƙashinta biyu sun riga sun lotse abinci kaɗai ba zai riƙe ta ba, a haɗa da magani.

Ɗan Gwarzo:
Na manta ban faɗa ba, ku gyara gidan tun kafin ku tafi. Mu mun ɗauke tabarmar ƙofar ɗaki, muka sa 'yar fitilar sola a hanyar banɗaki, aka kafa ƙarfen dafawa a bango kusa da masai, muka sassare dokin ƙofa, silifas ɗin da ya suɗe muka jefar. Jan guga da surfe da ɗaukar jika a baya duk an hana ta, amma tafiya kullum tana yi, masu gashin ƙashi sun ce kwanciya ita ke ƙara cinye ƙashin. Kuma in za ku sayi magani ku saya a babban kantin magani mai rajista, ku duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa.

'Yar Ringim:
Allah ya saka muku da alheri, ya ba marasa lafiyarmu lafiya baki ɗaya. Na je gun mai kemis da yamman nan, ya nuna min kwalin, dexamethasone ce kuwa, na ɗauki hoto. Ban hana ta ba kamar yadda ma'aikaciyar lafiya ta ce. Na karanta wa Yaya babba duk abin da kuka rubuta, ya ce shi zai yi wa su Baffa magana kuma zai sayar da buhun riɗi biyu. Gobe zan koma karɓo takardar turawa, Litinin in sha Allahu mu yi asubanci. Abin da ya rage min shi ne motar, don bayanta ba zai ɗauki matsin motar haya da ramukan hanya ba.

Malam na Gumel:
Ki biya mata kujerar gaba ita kaɗai, ki sa filo a bayanta, ki roƙi direba ya bi a hankali. In kun sauka 'Yankaba kar ku hau adaidaita da ita, girgizarsa ta fi ta motar, ku ɗauki shatar tasi har ƙofar asibiti. Ki riƙe ruwa da abin karin kumallo a jaka, amma kar ta ci sai kin tambaya ko gwajin jinin na buƙatar ciki ba komai.