"They" ga mutum ɗaya: kuskure ne ko daidai, kuma daga ina kalmar ta fito?

Mai Neman Sani ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da tambaya ga masana Turanci na wannan zaure. Aikina rubuta wasiƙu da sanarwa ne da Turanci, kuma na lura a yawancin rubutun da ke zuwa mana daga Ingila da Amurka ana sa "they" a inda ake maganar mutum ɗaya tak. Misali: "If a customer calls, tell them to wait." Ko kuma: "Someone left their umbrella here."

Ni kuwa abin da aka koya mini shi ne "they" na jam'i ne, kamar "su" a Hausa. In mutum ɗaya ne a ce "he" ko "she", in ba a san ko namiji ne ko mace ba a ce "he or she". Yanzu in zan yi rubutu sai hannuna ya tsaya. In na jera "he or she" sau da yawa a sakin layi ɗaya rubutun ya yi nauyi, in na sa "they" sai in ji kamar na karya doka.

Shin lalacewar Turanci ce da intanet ta kawo, ko abin yana da asali? Sannan ita kanta kalmar daga ina ta fito? Na ga "he", "him", "his" da "her" duk da harafin h suka fara, amma "they", "them" da "their" sun fita daban.

Mai Gyaran Rubutu ya amsa:

Wa alaikumus salam Malama. Ni dai a wajen aikina gyara shi nake yi. Tilo ya tafi da tilo, jam'i ya tafi da jam'i, haka nahawu ya ce. A hira ko saƙon waya babu laifi, amma a takardar ofis gara ki tsaya kan "he or she", ko ki mayar da jimlar jam'i gaba ɗaya: "If customers call, tell them to wait." Da wannan babu mai kama ki da kuskure.

Tsohon Malami ya amsa:

Wa alaikumus salam 'yata. Saki hannunki ki rubuta, ba ki karya komai ba. Na daɗe ina koyar da Turanci, kuma wannan batu yana cikin waɗanda suke damuna, domin an sa ɗalibai da yawa suna tsoron abin da masu harshen suke faɗa tun ƙarni shida da suka wuce.

Babban ƙamus na Oxford ya bi sawun wannan amfani har zuwa wajen shekarar 1375, a cikin wata doguwar waƙa ta labarin wani yaro mai suna William da kyarkeci. Tun daga nan bai ɓace ba. Yana cikin wasannin Shakespeare, yana cikin fassarar Littafi Mai Tsarki ta Sarki James da ta fito a 1611, Jane Austen kuma ta yi amfani da shi a kai a kai a littattafanta na farkon ƙarni na 19. Waɗannan su ne rubuce-rubucen da Turawan Ingila suke ɗauka a matsayin gwanintar harshensu. Abin da ya riga intanet da shekara ɗari shida ba za a ɗora wa intanet laifinsa ba.

Dokar da aka koya miki ita ce ta zo daga baya. A ƙarni na 18 aka samu marubuta littattafan nahawu da suka so su daidaita Turanci kamar yadda ake daidaita lissafi. A 1745 wata malama mai suna Ann Fisher ta fitar da littafin nahawu inda ta ce a yi amfani da "he" a matsayin wakilin kowa, namiji da mace. A 1795 Lindley Murray ya fitar da nasa, wanda ya mamaye makarantun Ingila da Amurka shekaru masu yawa, shi ma ya bi wannan hanya. Har a 1850 majalisar dokokin Birtaniya ta zartar cewa duk inda doka ta yi amfani da kalmar jinsin namiji, a ɗauka ta haɗa da mata. Ta wannan hanya ƙa'idar ta shiga littattafan makaranta, ta bi Turanci duk inda ya je a duniya, har ta iso ajin da kika zauna. Malaminki bai yaudare ki ba, abin da ke cikin littafinsa ya koyar.

Amma ki gwada ƙa'idar da kanki ki gani. Ki ce: "Either your mother or your father left his key." Kunne ba ya karɓa, domin an ambaci uwa sannan aka ce "his". Ki sa "their key", magana ta zauna. Shi ya sa duk tsawon lokacin da littattafai suke hanawa, bakin mutane bai daina faɗa ba, har da bakin masu hanawar.

Malam Mai Gyaran Rubutu, da girmamawa, ina so ka dubi "you". Asalinta jam'i ce, wato "ku". Mutum ɗaya "thou" ake ce masa, wato "kai" ko "ke". Sai aka riƙa ce wa babba "you" don girmamawa, kusan yadda mu ma mukan ce wa dattijo "ku", har ta kori "thou" daga maganar yau da kullum a ƙarni na 17. A lokacin an yi rigima sosai. George Fox, wanda ya kafa ɗariƙar Kwaka ta Kiristoci, yana cikin waɗanda suka fitar da littafi guda a 1660 suna cewa kiran mutum ɗaya da "you" jahilci ne. Yau kai kanka kana ce wa mutum ɗaya "you are", da aikatau na jam'i, kuma ba ka taɓa ja masa layi da jan biro ba. Shawararka ta mayar da jimla jam'i tana da kyau, ni ma ina bayar da ita, amma ba kullum take yiwuwa ba. Wanda ya manta lema a ofis mutum ɗaya ne, ba za ki mayar da shi jama'a ba.

Ɗalibin Tarihin Harshe ya amsa:

Allah ya ƙara wa Malam lafiya. Bari in taɓa ɓangare na biyu na tambayar, domin Yaya kin yi kyakkyawar lura game da harafin h.

A Tsohon Turanci, wanda ake yi kafin shekarar 1100, duk wakilan suna na mutum na uku da h suke farawa. "Shi" shi ne "he", "ita" ita ce "heo", "su" kuma "hie" ko "hi". Har "it" ma "hit" ce a da, daga baya h ɗin ya faɗi. Kalmar "him" kuwa tana nufin "gare shi", tana kuma nufin "gare su". Da furuci ya ci gaba da sauyawa, a wasu yankuna "he", "heo" da "hie" suka kusa zama sauti ɗaya. Mai sauraro sai ya rasa ko namiji ake nufi, ko mace, ko taro.

A daidai wannan zamani arewa da gabashin Ingila cike suke da jikokin mutanen Denmak da Norwe, waɗanda tarihi ya sani da 'yan Viking. Sun fara da kai hari, kamar na tsibirin Lindisfarne a 793. A 865 babbar rundunarsu ta sauka, a 866 suka ci birnin York, daga baya suka zauna suka yi noma suka yi auratayya da mutanen ƙasa. Garuruwan da sunansu ya ƙare da "by", irin su Derby, Grimsby da Whitby, shaidar zamansu ce. A harshensu "su" ita ce "þeir", da wani tsohon harafi mai sautin th. Daga ita aka samu "they", daga "þeira" aka samu "their", daga "þeim" aka samu "them". Akwai masu binciken da ke ganin wasu tsofaffin kalmomin nuni na Turanci masu kama da waɗannan sun taimaka wajen karɓuwarsu, amma mafi yawan masana suna kai asalin ga harshen baƙin.

Abin da ya sa wannan ya zama abin mamaki shi ne harsuna ba kasafai suke aron wakilin suna ba. Hausa ta ari "alƙalami" daga Larabci, ta ari "mota" daga Turanci, amma "shi", "ita" da "su" nata ne. Sai cuɗanya ta kai har cikin gida, uwa na wani harshe uba na wani, kafin irin wannan aro ya faru.

Rubutu na farko da aka ga kalmar a ciki shi ne wani littafin wa'azi da wani malamin coci mai suna Orm ya rubuta a ƙarshen ƙarni na 12 a yankin Lincolnshire. Daga arewa ta gangaro kudu a hankali, kuma ba tare suka iso ba. Chaucer, shahararren marubucin waƙoƙi mutumin Landan da ya rasu a 1400, yana rubuta "they", amma a wajen "their" da "them" yana nan kan tsofaffin "hir" da "hem". Sai wajen 1500, bayan wani Bature mai suna Caxton ya kafa injin buga littattafai a unguwar Westminster ta Landan a 1476, ukun suka zauna daram. Kuma "hem" ba ta mutu ba. In kin ji Bature ya ce "tell 'em", mutane da yawa suna zaton "them" ya gutsure, alhali tsohuwar "hem" ce ta rage a baki.

Mai Neman Sani ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai Baba Malam, na gode ƙanena. Saura abu biyu. In na sa "they" ga mutum ɗaya, "they is" zan ce ko "they are"? Kuma na ga wasu suna rubuta "they/them" a gefen sunansu a shafukan sada zumunta. Shi ma wannan tsohon amfanin ne?

Tsohon Malami ya sake amsawa:

"They are" za ki ce 'yata, kullum, kamar yadda kike cewa "you are". Sunan da ya gabata yana riƙe aikatau na tilo, wakilin sunan kuma yana riƙe nasa na jam'i: "Someone is at the door and they are asking for you." Ki lura da "is" a farko da "are" a baya, dukansu daidai ne. A wajen "kansa" ko "kanta" za ki ga "themselves" da "themself". Ta biyun tsohuwar kalma ce da ta dawo, amma har yanzu wasu editoci ba sa son ta, don haka a wasiƙar aiki ni "themselves" nake zaɓa.

Tambayarki ta biyu kuwa, a'a, ba ɗaya ba ne, kuma yana da kyau a raba su. Tsohon amfanin na mutumin da ba a sani ba ne, ko wanda ba a ayyana ba: "someone", "anybody", "each student", "a customer". Wannan shi ne wanda ya kai shekara ɗari shida. Wanda kika gani a shafukan sada zumunta na mutum ne sananne, mai suna, wanda ya ce ba ya so a kira shi "he" ko "she". Wannan ya yaɗu ne a 'yan shekarun nan, musamman a Amurka da Birtaniya. Ƙungiyar masu nazarin karin harshe ta Amurka ta zaɓi "they" na tilo a matsayin kalmar shekarar 2015, ƙamus na Merriam-Webster kuma ya shigar da wannan sabuwar ma'ana a 2019. A can ma ana ta muhawara a kansa, muhawarar kuma ta wuce nahawu ta shiga addini da siyasa. Abin da nake so ki riƙe shi ne kada wannan muhawara ta sa ki guji tsohon amfanin, domin shi ba ruwansa da ita.

Game da takardun aiki da Malam Mai Gyaran Rubutu ya ambata, ƙofar ta buɗe. Kamfanin dillancin labarai na AP ya amince da "they" na tilo a wasu wurare tun 2017, kundin ƙa'idojin rubutu na APA da jami'o'i da yawa suke bi ya amince da shi a bugunsa na bakwai a 2019. Inda zan ce ki yi hattara shi ne jarrabawa, domin mai duba takarda zai iya kasancewa yana kan tsohon littafi, to a nan ki bi shawarar mayar da jimla jam'i.

Akwai kuma wurin da nake tare da Malam Mai Gyaran Rubutu ɗari bisa ɗari, wato inda ma'ana za ta rikice. Dubi wannan: "The manager met the drivers and they were angry." Wa ya yi fushi, manajan ko direbobin? A irin wannan jimla ki cire wakilin sunan ki maimaita sunan: "The manager met the drivers, and the manager was angry." In sanarwarki tana da mutum ɗaya da kuma jama'a a jimla guda, ki sake karantawa kafin ki aika. In kuwa mutum ɗaya ne kawai wanda ba ki san ko wane ne ba, kamar mai lemar nan, rubuta "Someone left their umbrella here, they can collect it at the front desk" ki liƙa a allo.